An gano kansar hanji a jikin Baba alhali lafiyarsa lau, mu yarda a yi masa tiyata?

Tambaya: Salam Likita. Babanmu shekararsa 58, ba abin da ke damunsa sai hawan jini. Duba lafiya kawai ya je aka gwada bayan gidansa aka ce akwai jini, da aka zura kyamara aka ga ƙari a babban hanji, gwaji ya nuna kansa ce. An ce sai tiyata, amma dangi sun ce daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi bazuwa zai yi. Don Allah meye haɗarin aikin?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ku yarda a yi aikin, kar ku tsaya jan ƙafa. Irin Baba su muke fatan gani, don mu a nan yawanci sai mutum ya shekara yana shan maganin basir, ya rame, hanji ya toshe sannan a kawo shi cikin dare. Maganar ƙarfe ma daga nan ta samo asali, an kawo mutum a makare, an buɗe an tarar ciwon ya riga ya kai hanta, in ya rasu sai a ce wuƙa ce ta watsa shi. Kansar da gwaji ya kama tun ba ta nuna alama ba galibi tana matakin farko, kuma a mataki na 1 kusan mutum 9 cikin 10 suna raye bayan shekara 5, in ta kai mataki na 4 kuwa bai fi 1 ko 2 cikin 10 ba. Amurka ma ta sauko da shekarun fara gwajin kansar hanji zuwa 45 a 2021.

Amma fa aiki ne babba. Za a yanke ɓangaren hanjin da ƙarin yake, a haɗa da kaluluwar da ke kewaye, sannan a haɗe bakin hanjin biyu. Abin da ya fi hana mu barci shi ne wannan mahaɗin ya yi yoyo, kashi ya zuba cikin ciki. Kaɗan ne cikin ɗari yake samu, ya fi yawa in ƙarin yana can ƙasa kusa da dubura, kuma yawanci cikin satin farko yake nuna kansa. Don haka ke da kike jinya, in kin ga zazzaɓi, ko zuciya na bugawa da sauri, ko ciki ya kumbura ciwo na ƙaruwa, ko Baba ya fara sambatu, kira nas nan take, kar ki jira zagayen safe. Akwai kuma zubar jini, ruɓar wurin ɗinki, hanji ya yi kwanaki bai motsa ba, ciwon huhu, da gudan jini a ƙafa wanda saboda shi ake tada mara lafiya ya taka tun washegari ana kuma yi masa allurar tsinka jini. Mutuwa na faruwa, ba zan ɓoye miki ba, sai dai a aikin da aka shirya masa kaɗan ce ƙwarai in aka gwada da na gaggawa.

Na san za a tsorata ku da jakar kashi da ake maƙalawa a kan fatar ciki. Mafi yawan masu ƙari a babban hanji ba sa buƙatarta, masu na kusa da dubura ne ake sa wa, su ma da yawa ta wucin gadi ce, bayan 'yan watanni a mayar da hanjin a cire jakar. Masu ita suna sallah suna kasuwa, hukuncin alwala kuwa malamai sun yi bayaninsa a babin mai larura.

Kafin ranar a yi sikanin ƙirji da ciki, a daidaita hawan jinin, a gyara ƙarancin jini, in yana shan taba ya bari yau. Ku tambayi likitan a ina ƙarin yake, buɗe ciki za a yi ko aikin kyamara ta ƙananan huji, kuma yana yawan yin irin aikin? Bayan aiki sakamakon naman ne zai nuna ko sai an ƙara da kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) na wata 3 zuwa 6, galibi in an samu ciwon a kaluluwa. Ke da 'yan'uwanki kuma ku fara naku gwajin daga shekara 40, tunda mahaifi ne.