Ta yaya masu bibiyar guguwar tonado suke gane inda za ta sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan kallon bidiyon mutanen da ke bin guguwar tonado da mota a Amurka, abin yana burge ni ƙwarai. Ta yaya suke sanin inda za ta sauka tun kafin ta fito? Mu da muke nan za mu iya irin wannan bibiya da hadarinmu na damina? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake gani a bidiyo ƙarshen aikin ne kawai. Mai bibiyar hadari na gaske ya fi daɗewa a gaban taswira fiye da bayan sitiyari, kuma sau da yawa yakan yi tafiyar yini guda ya koma masauki bai ga komai ba.

Amurka na samun tonado, wato guguwa mai juyi da ke saukowa daga hadari har ƙasa, sama da 1,000 a shekara, fiye da kowace ƙasa, kuma shimfiɗar ƙasar ce ta jawo haka. Iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga Tekun Meziko ta nufi arewa, busasshiyar iska tana gangarowa daga tsaunuka da hamadar yamma, mai sanyi kuma tana saukowa daga Kanada. Babu wani dutse da ya gitta daga gabas zuwa yamma da zai raba su, sai su yi kiciɓis a filayen Texas da Oklahoma da Kansas da Nebraska, musamman daga Afrilu zuwa Yuni.

Zafi da laima kaɗai ba sa haifar da tonado, in ba haka ba da mu ma mun sha ta. Abin da masu bibiya suke nema shi ne saɓanin iska: ta ƙasa tana busawa daga kudu, ta sama tana zuwa daga yamma da ƙarfin da ya ninka na ta ƙasan. Wannan saɓani yana sa iskar da ke tsakani ta riƙa mirginawa a kwance, kamar tabarmar da ake naɗewa. Idan iska mai zafi ta yunƙura sama da ƙarfi a cikin hadari, sai ta ɗaga wannan naɗi ta tsayar da shi, gajimaren gaba ɗaya ya shiga juyawa. Irin wannan hadari mai juyi yana iya yin sa'o'i bai mutu ba, shi ne mai zubo manyan ƙanƙara, kuma daga gare shi kusan duk munanan tonado suke fitowa. Duk da haka, kaɗan ne daga cikin irinsa suke sauke guguwar har ƙasa. Dalilin da ya sa wani ya haifa wani bai haifa ba yana cikin abin da masana suka fita nema a binciken VORTEX na 1994 da 1995, suka sake fita a 2009 da 2010.

Saboda haka ba wanda yake sanin takamaiman wurin tun da safe. Yanki ake sani. Cibiyar hasashen hadari da ke Norman a jihar Oklahoma tana fitar da taswira kullum mai matakan haɗari biyar. Mai bibiya ya duba ta, ya duba ma'aunin laima da na iska, ya zaɓi garin da zai je ya jira. Da la'asar idan gajimare ya fara hauhawa, sai ya koma kan na'urar rada, wadda ke nuna ruwa da kuma inda iska ta dosa. Idan hoton ruwan ya lanƙwasa kamar ƙugiya a gefen kudu maso yammacin hadarin, ga kuma iska mai zuwa da mai tafiya sun manne da juna, to juyi ya kankama. Hukuma tana da sanarwa iri biyu: ta "a zauna cikin shiri", wadda ke rufe yanki mai faɗi na sa'o'i, da ta "a nemi mafaka yanzu", wadda galibi mintoci kaɗan take ba mutane.

Akwai abin da bidiyo ba ya nunawa, kuma ina so ka riƙe shi. Ranar 31 ga Mayu 2013, tonado ta sauka kusa da El Reno a Oklahoma. Cikin ɗan lokaci ta buɗe har faɗinta ya kai kilomita 4.2, mafi faɗi da aka taɓa aunawa, ta ƙara gudu, ta karkata ba zato, ga ruwa ya lulluɓe ta. Mutum takwas suka rasu, dukkansu a cikin mota, har da Tim Samaras da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young. Samaras injiniya ne da ya yi shekaru yana ajiye na'urorin awo a kan hanyar guguwa, kuma an san shi da taka-tsantsan. Idan irinsa bai tsira ba, mai waya a hannu da ke neman mabiya a Facebook ba shi da hujjar kusantar ta. Wani abin lura: rada ta auna iskar wannan guguwa sama da kilomita 450 a sa'a, amma an ba ta matakin EF3 kawai a ma'aunin ƙarfin tonado da ke kaiwa EF5, domin ma'aunin da Ted Fujita ya ƙirƙiro a 1971, aka gyara a 2007, ɓarna yake dubawa, ita kuwa ta fi bi ta gonaki.

Game da nan gida, tonado ba kasafai take aukuwa a Afirka ta Yamma ba. Guguwar da ke tashi da rana tsaka a bazara tana kwasar ƙura da ledoji daga zafin ƙasa take tasowa, ba ruwanta da hadari. Namu hadarin jeri yake yi, layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, yakan ƙullu da yamma a kan tuddai irin na Jos da Ayar da Darfur, iskar sama ta turo shi daga gabas zuwa yamma. Shi ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Iskar da ke yaye kwanon gidaje a farkon damina kuwa sanyayyar iska ce da ke faɗowa daga cikin gajimare ta bazu a gabansa, ita ce take tayar da jan ƙurar da kake hangowa kafin ɗigon farko.

Wannan ya isa abin bibiya, kuma a ganina ya fi amfani gare ka. Hotunan tauraron ɗan Adam na Meteosat suna nan kyauta a intanet, ana sabunta su kowane minti 10 zuwa 15. Za ka ga hadari ya haɗu a wajen Maiduguri ka bi shi har ya ƙaraso sararin Zamfara. Haɗa da hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya. Samu littafi ka riƙa rubuta lokacin da iska ta juya, da inda hadari ya fito, da yawan ruwan da ya sauka a gwangwani mai miƙaƙƙen baki da ka ajiye a fili. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa: kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, shiga ɗaki ko mota mai rufi, ka bar gindin bishiya da saman bene, kada ka fito sai an yi rabin sa'a ba ka sake jin tsawa ba.