Nayi murna da aka fitar da Red Sox, yanzu mijin kanwata baya daga wayata

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, Allah ya kara lafiya. Ni dan Kumasi ne ina zaune a Bronx a birnin New York na Amurka ina tuka tasi, kuma tunda nazo kasar nan nake goyon bayan Yankees, kungiyar New York, a wasan besbol. Mijin kanwata yana zaune kusa da Boston shi kuma dan Red Sox ne, kungiyar Boston. A watan Oktoba na 2025 da muka fitar dasu nayi murna sosai, na dinga tura masa bidiyo da hotuna a group din family na WhatsApp, yace yaya dan Allah ka bari, na cigaba, ya sake cewa ya isa, ban bari ba har ya fita daga group din. Dama munyi da shi duk wanda aka fitar zai bawa dayan dala 100 kuma ya turo min. Tun lokacin baya daga wayata. Wani dan uwa a masallaci yace min tun farko ma goyon bayan kungiyar kafirai jibintarsu ne, imanina yana cikin hadari. Malam murnar da nayi haramun ce?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dan uwa Allah ya saka maka da ka fadi abin yadda ya faru baka gyara shi ba, domin da murnar kadai ka tambaya da na baka amsa a layi biyu ka tafi da abinda ba shine matsalarka ba.

Ita murnar kanta babu komai a cikinta. An buga wasa uku, Red Sox suka ci na farko ku kuka ci biyun karshe, na ukun ma 4 da nema, ka ji dadi, wannan dabi'ar dan Adam ce. Ba shi ne farin ciki da masifar dan uwa da aka hana ba, saboda faduwar kungiya a wasa ba masifa bace a addini ko jiki ko dukiyar wani, yan wasan da kansu gida suka koma da albashinsu. Dala 100 din nan kuwa caca ce babu sabani, tunda kowannenku ya saka kuma dole daya ya ci daya ya rasa. Ka mayar masa.

Inda hukunci ya canza shine kalmar da ka fada ka wuce kamar ba komai: yace ka bari, sau biyu. Kafin ya fada raha kuke yi, bayan ya fada ka cigaba ta zama cutarwa, kuma a gaban iyali, gaban matarsa da watakila yayansa. A nan abinda kake jin dadinsa ya tashi daga faduwar Red Sox ya koma bacin ran musulmi takamaimai wanda ka san sunansa, wannan kuwa shine izgilin da suratul Hujurat ta hana kuma kasan ayar. Sannan ka duba waye kai a wurinsa. Kai yayan matarsa ne, da bakinsa yace maka yaya. A al'adarmu tsokana tana dadi ne tsakanin wadanda kowa zai iya ramawa, kamar Bafulatani da Babarbare, wannan ya fada wancan ya mayar a tashi ana dariya. Shi bashi da wannan damar a kanka, kunyarka yake ji, in ya rama ace ya raina yayan matarsa, in yayi shiru ka kara masa. Fita daga group din shine kadai kofar da ka bar masa. Ni a ganina ladabi yayi maka da ya fita bai fadi maganar da zata dawo masa ba.

To sai maganar dan uwan nan na masallaci, kuma zan dan tsaya akanta saboda ba kai kadai ake fadawa ba, samarinmu masu kallon kwallon kafa ma kullum ita ake jefa musu. Na yarda nufinsa alheri ne amma maganar ba daidai bace. Jibintar da take taba imani ita ce ka so kafiri saboda kafircinsa, ko ka taimake shi akan musulmi don addininsa ya rinjayi naka. Wanne daga ciki kayi? Yankees kamfani ne na wasa, ba akida suke bugawa ba, kuma wadanda suka kara dasu ba rundunar musulmi bace balle ace ka goyi bayan wani akan yan uwanka. Yaron da ya jefa muku kwallo a wasan karshen nan, Cam Schlittler, wanda ya fitar da masu bugu 12, dan jihar Massachusetts ne, a yankin Red Sox ya tashi, aiki ne ya kawo shi New York. Abinda mutum yake canzawa da kwantiragi ta yaya zai zama jibinta ta addini?

Sahabbai sunyi murna da Rumawa suka ci Farisa alhali duka bangarorin ba musulmi bane, Alkur'ani ya ambaci murnar a farkon suratur Rum bai zarge su ba. Nasan za'a ce ai wancan saboda Rumawa ma'abota littafi ne, gaskiya ne, amma ko a haka ya isa ya rushe ka'idar da ake kafawa cewa duk karkatar zuciya ga wani bangare na wadanda ba musulmi ba jibinta ce. Shi kuma daukar bangare a gasa, Annabi (SAW) ya wuce wasu mutanen kabilar Aslam suna gasar harbi yace ku harba ina tare da su wane, daya bangaren suka tsaya sukace ta yaya zamu harba kana tare dasu, sai yace ku harba ina tare da ku duka. Ka ga an dauki bangare, ka kuma ga da ya lura ran wasu ya sosu nan take ya gyara, wannan na biyun shine ya kubuce maka. Kuma taguwar Annabi (SAW) mai suna Adba'u da ba'a taba tsere mata ba, ranar da wani balaraben kauye ya wuce ta akan dan rakuminsa abin yayi wa sahabbai zafi, bai ce musu jin zafin nan raunin imani bane, sai ya gaya musu cewa hakki ne akan Allah babu abinda zai daukaka a duniya face ya saukar da shi. Duka biyun suna cikin Bukhari. Saboda haka wanda yace imaninka yana cikin hadari don kana son Yankees ya dora maka kaya mai nauyi ba tare da hujja ba, kuma irin wannan maganar illarta itace saurayi yaji an kafirta shi akan wasa sai ya daina sauraron malamai gaba daya, har a wurin da ya kamata yaji tsoro da gaske. Abinda zan yarda dashi a maganarsa shine idan son kungiya ya kai kana kulla zumunci da yanke shi akanta to ya zama kabilancin jahiliyya, kuma kai ka leka bakin wannan.

Ku ma ba'a cika sati ba Toronto Blue Jays suka fitar daku, a filinku. Bazan ce maka ukuba ce ba, wasa ne wani ya ci wani. Amma baka ambaci cewa mijin kanwarka ya turo maka ko hoto daya a ranar ba, in haka ne ka auna wannan da kyau.

Akwai abinda baka tambaya ba zan fada maka saboda nasan yanayin garin. Wasannin Oktoba yawanci da dare ake yinsu, su ci wajen awa uku, su hau kan isha'i su kai mutum sha daya, gashi kai direba ne, ka duba asubarka a wadannan makonnin. Na biyu tun 2022 da aka fara cacar wasanni ta waya bisa doka a New York tallarta bata barin mai kallo ya huta, wanda ya saba da dala 100 tsakaninsa da surukinsa bashi da nisa da sauke manhajar, kuma kudin tasi da gumi ake samunsu ga yan uwa a gida suna jira. Kada ka fara ko da kyautar farko da suke yaudarar mutane da ita. Na uku zaka ji magoya baya suna zancen la'anar Babe Ruth, wani shahararren dan wasan besbol na da, wai tunda Red Sox suka sayar da shi ga Yankees shi yasa suka shekara 86 basu dauki kofi ba daga 1918 har 2004, wasu kuma basa canza riga ko wurin zama wai kar a ci su. Labarin ka ji shi a matsayin tarihi, amma kar bakinka ya saba da cewa wani ciniki ko wata riga tana hana nasara, camfi ne.

Abinda zaka yi yanzu, kar ka tura kanwarka ta bashi hakuri a madadinka, ita ce tafi kowa shan wahala a tsakaninku, gida daya take kwana da mutumin da yayanta ya kunyata. Kauracewa fiye da kwana uku kasan hukuncinta, amma kar ka rike wannan a matsayin laifinsa, kai ka jawo kai zaka fara. Tunda baya dagawa ka tura masa sakon murya, ka kira shi da sunan da kake girmama shi dashi, kace kayi kuskure, banda "ai wasa nake" domin wannan kare kai ne. Ka mayar da kudin ka gaya masa dalili don shima ya tuba daga nasa rabon. Sannan tunda a gaban jama'a kayi, ka rubuta a group din cewa ka wuce gona da iri, ka goge hotunan, ka roki wani babba ya dawo dashi. In da hali ranar hutunka ka tuka ka je, tafiyar awa hudu ce, ka ci abinci a gidansu, kuma ranar kar ka tada zancen besbol sai in shi ya fara.

Wallahu a'alam.