Tambaya da Amsa: Wa ya gina katafaren cocin Wies a tsakiyar makiyaya?

Tambaya: Ni ɗalibin zanen gine-gine ne. A cikin hotunan da malaminmu ya nuna mana akwai wani cocin Katolika a kudancin Jamus da ake kira Wieskirche. Daga waje ba wani abin a zo a gani ba ne, ciyawa ce da shanu da 'yan gidaje ƙalilan kewaye da shi, amma cikinsa ado ne tun daga ƙasa har rufi. Ina manoman ƙauye suka samo kuɗin wannan aiki? Kuma me ya sa aka yi shi da siffar ƙwai, ba dogon zaure irin na sauran majami'u ba?

Amsa: Malam, manoman ba su ne suka gina shi ba, kuma ba don su kaɗai aka gina shi ba. Baƙi masu ziyarar ibada ne suka sa aka yi ginin, gidan sufaye ne ya ɗauki nauyinsa. Idan ka riƙe wannan, amsar tambayarka ta biyu ma tana ciki.

Cocin yana ƙarƙashin garin Steingaden a jihar Bavariya, a gindin tsaunukan Alps. A garin akwai tsohon gidan sufaye na ɗariƙar Premonstratensia da aka kafa tun 1147. A 1730 wasu sufaye biyu na gidan suka haɗa mutum-mutumin Yesu na katako, ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙin da aka yi masa bulala, domin jerin gwanon Juma'a Mai Kyau. Bayan 'yan shekaru aka daina fita da shi saboda ana ganin kamanninsa sun cika ban tausayi, aka jingine shi. A 1738 wata matar manomi, Maria Lory, ta karɓe shi ta kai gidanta da ke can cikin makiyaya. Ranar 14 ga Yuni na wannan shekarar ta ce ta ga hawaye a fuskarsa.

Magana ta bazu. A 1740 aka gina ɗan ƙaramin ɗakin addu'a, wanda har yau yana nan kusa da cocin, amma nan da nan ya yi kaɗan. Mutane na zuwa daga sassan Jamus, daga Ostiriya, daga Bohemiya, har da Italiya. Ganin haka shugaban sufayen, Hyazinth Gassner, ya yanke shawarar a yi babban gini. An fara aiki a 1745, shekarar da shi kansa ya rasu, magajinsa Marianus Mayer ya ci gaba. A 1749 aka gama ɓangaren bagade aka mayar da mutum-mutumin can, a 1754 aka keɓe cocin gaba ɗaya.

Kuɗi kuwa, an yi lissafin gulden (kuɗin ƙasar na wancan zamani) dubu 39, aikin ya ci wajen dubu 180. Baikon masu ziyara ya taimaka, amma gidan sufayen ya shiga bashin da bai fita ba. Wannan ba sabon abu ba ne ga maginin, Dominikus Zimmermann. Cocin da ya gina a ƙauyen Steinhausen daga 1728 zuwa 1733 shi ma ya ninka kasafinsa sau da yawa, har shugaban sufayen Schussenried da ya ba da aikin ya rasa kujerarsa. Duk mai shirin zama magini ya san da wannan ɓangaren tarihin, ba hotunan kaɗai ba.

Yanzu ga siffar ginin. Cocin unguwa na yau da kullum an yi shi ne don jama'ar da za su shigo lokaci ɗaya, su zauna, su fuskanci bagade, su tashi lokaci ɗaya. Dogon zaure ya wadatar da wannan. Mai ziyara kuwa ba haka yake ba. Ya yi tafiyar ƙasa mai nisa, ya iso a lokacin da ya iso, burinsa ya matsa kusa da abin da ya zo dominsa, ya yi addu'a, ya ba na bayansa wuri. Saboda haka Zimmermann ya yi babban zauren da siffar ƙwai, ya jera ginshiƙai bibbiyu har wuri takwas a ciki, nesa kaɗan da bango. Tsakanin ginshiƙan da bangon sai aka samu hanya da ta zagaye zauren, ta zarce gefen bagade inda mutum-mutumin yake. Ana iya yin sujada a tsakiya, masu ziyara na ta wucewa ta gefe ba wanda ya tsallaka wani. A kan wannan hanyar ne za ka ga ƙananan zane-zanen da mutane suka rataya don cika alkawari ko nuna godiya bayan sun warke daga ciwo ko sun tsira daga hatsari. Ɓangaren bagaden kuma hawa biyu ne, da baranda a sama ta manyan baƙi.

Abin da ya fi dacewa ka tsaya a kansa a matsayinka na ɗalibi shi ne rufin. Wanda ya ɗaga kai zai rantse ƙubba ce mai zurfi. Alhali kusan shimfiɗe yake, kuma ba na dutse ba ne: katako ne aka rataya a jikin kan ginin, aka shafe da filasta, aka yi zane a kai. Zurfin da ido ke gani aikin mai zane ne, wato wan Dominikus, Johann Baptist Zimmermann, wanda ya yi wa fadar Munich aiki. Da an yi ƙubbar da dutse ko bulo, nauyinta zai tura bango waje, dole a yi bango mai kauri da ƙananan tagogi. Da yake rufin ba nauyi, ginshiƙan suka zama sirara, aka huda bangon da manyan tagogi masu siffa iri-iri, manya a ƙasa, ƙanana a samansu. Haske na shigowa ta bayan ginshiƙan ya bugi farin bango ya watsu, shi ya sa ɗakin yake da haske duk da yawan adon. A ganina wannan dabarar ta fi zinaren da ke ɗaukar hankali a hoto muhimmanci.

Adon kansa ma yawanci filasta ne, dangin abin da masu silin a yau suke kira POP, ana murza shi da hannu tun yana ɗanye a fitar da ganye, furanni, ɓawon kifin teku da fuskokin mala'iku. Jajayen ginshiƙan bagade da suke kama da marmara su ma filasta ce aka rina aka goge har ta yi sheƙi. 'Yan'uwan biyu 'yan yankin Wessobrunn ne, wurin da ya yi suna a Turai wajen fitar da gwanayen wannan sana'a, kuma Dominikus da ita ya fara kafin ya zama magini. Shi ya sa a cocin nan da wuya ka nuna inda gini ya ƙare ado ya fara. Salon ana kiransa Rokoko. Akwai masanan da suke ganin ya cika ƙyale-ƙyale, kuma a wasu gine-ginen ina tare da su, amma a Wies an bar ƙasan bango fari fat, ado na ƙaruwa ne yayin da ido ke hawa sama, don haka bai gundurar da mutum.

Zanen rufin yana da saƙo. A tsakiya Yesu ne zaune a kan bakan gizo yana nuna gicciye. A gefen bagade akwai kursiyin shari'a, ba kowa a kai. A gefen ƙofar fita kuma an zana ƙofar lahira a rufe. Abin da ake son mai ziyara ya fahimta shi ne ba a zauna shari'a ba tukuna, da sauran damar tuba. Jan launin bagade na nuni da jinin Yesu, shuɗin da ke samansa na nuni da alherin sama. A jikin ginshiƙan zauren akwai fararen siffofin manyan malaman cocin Yamma su huɗu, Jerom, Ambros, Agustin da Giregori, aikin masassaƙi Anton Sturm.

Wajen ginin da ka ce ba abin a zo a gani ba ne, haka akasarin majami'un yankin na wancan zamani suke: bango mai sauƙi wanda zai jure dusar ƙanƙara da ruwa, a zuba dukiya a ciki. Hasumiyar tana gabas, bayan bagade, haɗe da gidan da limaman cocin suke zama.

Inda ake ambaton manoman a labarin cocin shi ne daga baya. A 1803 gwamnatin Bavariya ta ƙwace gidajen sufaye da dukiyoyinsu, aka rufe na Steingaden, cocin Wies ya rasa mai shi. Ana yawan cewa an so a sayar da shi ko a rushe, manoman yankin suka tsaya aka bar shi, amma takardun lokacin sun nuna kwamitin gwamnatin da kansa ya goyi bayan a ci gaba da ziyarar ibada a wurin. Shi Dominikus bai ga wannan ba. Bayan gama aikin ya bar Landsberg, garin da ya taɓa riƙe wa magajin gari, ya gina gida dab da cocin, inda ɗansa ya auri Maria Lory bayan rasuwar mijinta, a nan ya rasu a 1766.

Hukumar UNESCO ta sa cocin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1983, aka yi masa babban gyara daga 1985 zuwa 1991. Har yanzu ana sujada a ciki, masu ziyarar ibada na zuwa, ga 'yan yawon buɗe ido da ake ƙiyasta sun kai miliyan ɗaya a shekara. Idan za ka yi nazarinsa, ka nemi zanen shimfiɗar ƙasa da zanen yankan ginin daga rufi zuwa tushe, ka ajiye su kusa da na Steinhausen. A yankan ne za ka ga yadda rufin yake rataye da kuma ƙanƙantar lanƙwasarsa, abin da hoto ba zai nuna maka ba.