Lensi mai noƙewa a kan Leica ta zamani: a tura shi ciki ko a bar shi a waje?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wani tsohon lensi wajen kakana, an rubuta Elmar 5cm 1:3,5 a bakinsa, wuyansa yana noƙewa ciki kamar na kunkuru. Yayana da ke Jamus ya aiko mini da Leica M9 ta hannu, na sa adafta, lensin ya hau daidai. Zan iya tura shi ciki idan zan sa kyamarar a jaka? *Mai hoton biki, Aboabo, Kumasi*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yi hotonka da shi, amma bar wuyansa a waje. Littafin da kamfanin Leica ya haɗa da M8, da M9, da M10 duk magana ɗaya suka yi: lensi mai noƙewa a yi aiki da shi a miƙe, kada a tura bututunsa cikin kyamara. Guda ɗaya suka ware, Macro-Elmar-M 90mm f/4, domin shi ko an noƙe shi gindinsa ba ya leƙawa cikin jikin kyamarar.

Ga dalili. Max Berek, mai tsara lensi na kamfanin, shi ne ya tsara Elmar tun zamanin Leica ta farko ta 1925, lokacin da babu komai a cikin kyamara sai fili da labulen ƙyalle mai buɗewa haske ya shiga idan an ɗauki hoto. Daga bakin da lensi ke zama zuwa inda hoto ke sauka, milimita 27.8 ne a kowace Leica M, ta fim ko ta dijital. Nisan bai canza ba, ɗakin ne ya cika da kaya. Cire lensin ka leƙa cikin M9 ɗinka da fitilar waya. A sama za ka ga wata 'yar taya a kan hannu, ita ce ke bin gindin lensi tana gaya wa ma'aunin nisa inda ka saita. A ƙasa akwai idon da ke auna haske. A can ƙurya ga labulen ƙarfe mai sirara-siraran faranti, wasunsu an yi musu fenti mai haske don idon nan ya karanta, bayansa kuma gilashin sensa, wadda ke ɗaukar hoton a madadin fim. Bangon ɗakin ma ya fi na kyamarar fim matsewa.

Mutane sun fi jin tsoron labule, amma abin da ya fi saurin samun rauni shi ne 'yar tayar nan da bangon. Gindin bututun Elmar yana da 'yan kunnuwa na ƙarfe waɗanda ke kulle shi idan an miƙe shi. Su ne ke kankare baƙin fenti, ɓarɓashin ya sauka a kan sensa. In kuwa suka doki tayar, saitin nisa ya goce ke nan, kowane lensi ka ɗora hoton zai fita ba kaifi, sai an kai wa mai gyara.

Za ka ji masu cewa sun shekara suna noƙe nasu ba abin da ya faru. Ba ƙarya suke yi ba. Sai dai Elmar 3,5 an yi fiye da shekara talatin ana ƙera shi, samfuri daban-daban, ga kuma sauran masu noƙewa, Summar na 1933, Summitar na 1939, Summicron na 1953, kowanne da tsawon wuyansa da kaurinsa. Abin da ya wuce lafiya a kyamarar wani ba hujja ba ce a taka. Ribar noƙewar duka ba ta wuce ka rage kaurin jaka da 'yan yatsu biyu ba.

Wajen ɗorawa da cirewa kuwa, nan ba sassauci. Kashe kyamara. Jawo wuyan lensin har ƙarshe, murɗa shi dama in kana kallonsa ta gaba, sai ka ji ya cije. Ɗaura adafta a gindinsa tun yana hannunka, sannan ka daidaita jan ɗigo da jan ɗigo, ka shigar da shi a miƙe ba a karkace ba. Cirewa ma da wuyansa a waje yake fita. Lensin da aka ɗora a noƙe, yayin da ake murɗa shi ya kama, gindinsa na zagayawa a cikin ɗakin yana sharar duk abin da ya tarar.

Mai M11 ya ƙara kula: ita da sensa take auna haske, saboda haka da an kunna ta labule ya buɗe, sensa ta zauna a fili.

Tambaya: Ni nawa Summitar ne, wuyansa ya saki. In na rataya kyamarar na shiga cunkoson kasuwar Kejetia, ko na hau motar haya ta trotro, sai in ga ya shige da kansa. Me zan yi masa? *Wata mai karatu daga Asawase*

Amsa: Hajiya, a cikin zoben da bututun ke zamewa akwai wani ƙyallen ulu siriri, shi ke riƙe bututun kuma ya tare haske. Shekara saba'in da ɗori sun cinye shi. Mai gyara zai iya canza shi, amma kafin nan a sa masa birki.

Dabarar tsohuwa ce. Leica M5 ta 1971 da CL ta 1973 suna da idon auna haske a kan wani hannu da ke tsayawa a gaban labule, kuma masu su tef suke naɗawa a wuyan lensi don kada ya kai gare shi. Mu a nan ba mu ba da shawarar tef ɗin masu wayarin ba, domin zafi yana narkar da gam ɗinsa, ya bi bututu ya shiga ƙyallen nan, ya kama ƙura.

Abu biyu sun fi. Na farko zoben roba, wanda makanikai ke kira oring, ana samunsa kowane girma wajen masu kayan mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Ki auna kaurin bututun, ki sayi wanda ya ɗan fi shi matsewa, ki jera su har su cike wuyan. Na biyu, kuma shi muka fi so, guntun tiyo mai laushi. A yanka shi daidai tsawon wuyan da ke waje, a tsaga shi ta tsaye, a rungumar da shi a bututun. Ko an bangaje ki, ba inda wuyan zai je. Ki dai tabbatar bai danne zoben ƙofar haske ba. Robar ɗaure kuɗi kada ki fara, wata biyu ta narke ta manne.

Tambaya: Wajen saita nisa ina haɗa hotuna biyun nan na cikin tagar dubawa su zama ɗaya, amma hoton ya fito dishi-dishi gaba ɗaya. Lensin Industar-22 ne na Rasha. Ya mutu ne? *Ɗalibi, Tafo*

Amsa: Ƙanenmu, fara da abu mafi sauƙi: ka kulle wuyan kuwa? Ma'aunin nisa ba ya gani ta cikin lensi. Zoben saiti kawai yake bi, bai san ko gilashin yana inda ya kamata ba. Wuya zai iya zama saura milimita ɗaya ya kai ƙarshe, taga ta nuna maka komai daidai, hoto kuma ya lalace. Ja, murɗa, sannan ka ɗan tura shi da yatsa. In ya motsa, bai kama ba.

In ya kullu kuma matsalar na nan, duba adafta. Lensin zare irin naka, wato mai shiga da murɗawa, an yi shi don nisan milimita 28.8, shi ya sa kaurin adafta dole ya zama milimita ɗaya cif. Araha ba ta ado: mai kauri fiye da haka ba zai bar ka ka kama abu mai nisa ba. Ka kuma nemi mai lamba 50-75, shi ne zai fito maka da layin firam na 50 a tagar dubawa, mai ɗan gurbi a gefe inda maɓallin kulle saiti zai zauna ba tare da ya goga ba.

Sai na uku. Wajen ainihin tsawon lensin da ake kira 50, masana'antun Tarayyar Sobiyet sun bi ma'aunin kyamarar Contax, milimita 52.4, Leica kuwa 51.6 take lissafi da shi. A nesa ba za ka ga bambanci ba, a kusa ne kaifin ke ɗan komawa bayan abin da ka nufa. Gwada: jingina rula a karkace, tsaya a mita ɗaya, saita a kan lamba guda, ɗauki ɗaya da ƙofar haske a 3.5, wani a 5.6, wani a 8. Yawanci daga 5.6 kuskuren ya ɓuya.

Tambaya: Tawa Sony ce ba Leica ba. Dokar ta shafe ni? *Mai studiyo, Adum*

Amsa: Ta shafe ka, Malam. Bakin Sony E milimita 18 ne daga sensa, adafta ke cike sauran, don haka zurfin da bututun zai shiga ɗaya ne. A ƙananan masu sensar APS-C kuwa ramin ya fi ƙunci, gindin lensin zai iya dukan firam ɗin roba da ke kewaye da sensa. Bar shi a miƙe.

Tambaya: Tun da na fara aiki da tsohon Summicron nake ganin ɗige-ɗige a sararin sama cikin hotunana, kuma gilashin kamar da hazo. *Mai hoton makarantu, Sabon Zongo*

Amsa: Abu biyu ne daban, Malam. Ɗige-ɗigen a kan sensa suke. Bututun da ke shiga yana fita famfo ne, yana zuƙo iska yana hurawa ciki, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Kumasi ƙurar hunturu ce. Rufe ƙofar haske zuwa 16, ɗauki farin bango, za ka ga inda suke. Buɗe labule ta hanyar da kyamarar ta tanada don share sensa, da cikakken batir, ka kifa bakinta ƙasa, ka hura da famfon roba. Ban da baki, ban da auduga. Kafin ka ɗora lensin, goge bututun da busasshen ƙyalle, kuma kada ka shafa masa mai ko kaɗan.

Hazon kuwa a cikin gilashi yake. Haska fitila ta baya ka duba ta gaba. In kamar hayaƙi ne, tsohon man da ke ciki ne ya yi tururi ya kwanta, mai gyara zai wanke. In kamar saƙar gizo-gizo ne, fumfuna ce, kuma damina ke kawo ta. Raba shi da sauran lensinka, kada ka bar shi cikin jakar fata, ka ajiye shi a roba mai murfi da ƙunshin silika, laimar ciki ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari.

Gilashin gaba na Summicron mai noƙewa yana da laushi ƙwarai, shi ya sa da wuya ka ga wanda ba shi da zane-zanen goga. Kada ka share shi da bakin riga. Sa masa filta mai zaren milimita 39, ka riƙa goge filtar.