Amsa ga Hajiyar da ke tambaya kan bikin abinci a Legas

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ba ki jima da dawowa Agege daga Kano ba, yara sun matsa sai kin kai su bikin baje kolin abinci da suka gani a Instagram, ke kuma kina son sanin abin da za ki tarar, musamman maganar halal. Na je irinsa ya kai sau huɗu, har na taɓa taya ƙanwata tsaron rumfa, to ga abin da idona ya gani.

Wanda ya fi suna shi ne na bankin GT, da ake kira GTCO Food and Drink. Tun 2016 ake yinsa, yawanci ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, a filinsu da ke unguwar Oniru, can gefen Victoria Island. Shiga kyauta ce, abinci ne za ki saya da kuɗinki. Akwai kuma ajin koyon girki da manyan kuku na gida da na waje ke yi. A Disamba ma ana yin wasu, ciki har da na gwamnatin jiha, amma lokacin garin ya cika da masu dawowa hutu, komai ya yi tsada.

Ki tafi da safe. Wannan ce shawarar da zan fi nanata miki. Da hantsi zuwa azahar wurin na iyalai ne, layi gajere, masu rumfa ba su gaji ba, har ɗanɗano suke miƙo miki a ɗan cokali. Daga la'asar sakaliya sai wurin ya sauya kama: kiɗa ya ƙaru, samari da 'yan mata sun cika, kofunan giya sun fito fili. Ba wanda zai taɓa ki, amma ba wurin zama da yara ba ne. Ga hanya kuma. Daga Agege yawanci gadar Third Mainland ake hawa, in kika makara gosulo zai cinye miki yini, kuma babu acaɓa a wancan ɓangaren tun da aka hana a 2022. Ni kafin ƙarfe huɗu na kama hanyar gida.

Maganar halal kuwa, bakinki ne zai tsare ki. Kada ki ji kunyar tambaya, su ma sun saba. Naman alade ba ya zuwa da sunansa, a cikin sosej, fiza da burga yake ɓuya da sunaye kamar bacon, ham ko pepperoni. Ki kuma duba ko kan waya ɗaya ake gasa shi da kazar da kike son saya. Abin sha ya fi rikitarwa. Duk abin da aka ce koktel ne da giya a ciki, moktel ne babu. Chapman da muke ɗauka lemo ne kawai, asalin haɗinsa ana ɗiga masa Angostura, wanda ruwan barasa ne mai ƙarfi, don haka ki ce a cire miki. Ni a wani ƙaramin biki na taɓa sayen kek, sai da na kai baki na ji wani ɗaci, ashe da rum, wata irin barasa, aka jiƙa shi. Mai sayarwar ta ba ni haƙuri, ta ce ai ban tambaya ba. Da gaskiyarta.

Abin da na fi jin daɗi shi ne cin abin da ba na dafawa a gida: shinkafar ofada da miyarta mai daddawa da ganda, ewa agoyin wato wake da miyar barkono haɗe da burodin Agege, asun wato naman akuya mai yaji, sai jatan lande da kaguwa ga mai iyawa. Ku sayi faranti ɗaya ku raba, ku matsa gaba. Wanda ya cika ciki a rumfar farko ya yi asarar kuɗin mota.

Za ki ga namu ma, kuma a nan ne raina ke ɗan sosuwa. Tsire, kilishi, masa, zoɓo, fura da nono, an zuba a roba mai kyau da tambari, ana sayarwa ninkin abin da kika sani, layi har ya lanƙwasa. Sau da yawa mai rumfar ba Bahaushe ba ne, ɗanmu yana can baya cikin hayaƙi yana juya tsinke. Ƙanwata da ta kai dambun nama da kunun aya, kafin magariba babu ko roba ɗaya, kuma har yau wasu daga Lekki suna kiranta. In kina da hannu a girki, ki je da idon kasuwa.

Ki riƙe kati da ɗan tsabar kuɗi, don in mutane suka yi yawa tiransifa kan maƙale. Lema ma, tunda Afrilu damina ta riga ta sauka a nan. Ki sa ƙaramar darduma a jaka, ki yi alwala tun daga gida. In azahar ta yi, ki nemi 'yan'uwanmu masu gadi ko masu shayi a bakin titi, su suka san inda ake salla. Yara kuma ki rubuta lambarki a takarda ki sa musu a aljihu.

In kin tsayar da ranar ki yi mini magana, ƙila mu haɗa kuɗin mota ɗaya.