Fanka na juyawa, skirin baƙi ƙirin: RAM ne ko bod?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Tudun Wada, Kaduna. Laftof ɗina 'yar tokumbo ce, kwanakin baya na ƙara mata RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai 8GB. Da farko lafiya lau, daga baya ta fara kawo shuɗin skirin tana sake tashi da kanta. An yi mata fomatin, ba ta daina ba. Yanzu in na kunna fanka na juyawa, fitilar Caps Lock na ƙiftawa, amma skirin ba ya kawo komai. Wani mai gyara ya ce bod (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kansa) ya mutu, ga furojet ɗina a ciki. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka game da furojet. RAM ba ya riƙe komai da zarar an kashe kwamfuta, aikinka yana kan faifan ajiya, kuma a mafi yawan laftof ana iya zare shi a kwashe abin da ke ciki. Kada dai ka bari a sake yi mata fomatin. Fomatin Windows yake sabuntawa, ba ya gyara ƙarfe.

Hukuncin mutuwar bod kuwa an yi gaggawarsa. Fitilar nan da ke ƙiftawa bod ne yake ba ka rahoto, kuma wanda ya mutu murus ba ya rahoto. Ƙirga ƙiftawar. A HP na da, uku na nufin matsalar RAM, a sababbi kuma dogaye uku da gajeru biyu. A Dell da yawa fitilar batir ce ke magana: ruwan lemo biyu da fari uku na nufin ba ta ga RAM ba sam, biyu da huɗu kuma ta gan shi amma ba lafiya.

Cire caja, cire batir. In na ciki ne, buɗe murfin ƙasa ka zare igiyarsa daga bod kafin ka taɓa komai. Danne madannin kunnawa kamar daƙiƙa 20 don ragowar wuta ta fita. Sannan ka taɓa wani ƙarfe da hannunka, musamman a hunturu. Irin tartsatsin da kake ji in ka kama ƙofar mota a watan Janairu ya isa ya lalata RAM.

A ƙarƙashin murfin ƙasa za ka ga 'yan ƙarafa biyu riƙe da RAM ɗin ta gefe da gefe. Ɗan buɗa su, zai ɗago da kansa a karkace, ka zaro shi ta gefuna. Dubi haƙoransa masu ruwan zinare. In sun dusashe, goge su a hankali da kilinar fensir mai laushi, ka kakkaɓe ɓurɓushin, ka share gurbin da busasshen burushi. Ƙurar Kaduna ba ta raina rami, kuma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Wajen mayarwa, cusa shi a karkace har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna ƙasa sai ka ji ƙas.

Tunda RAM biyu gare ka, gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sa na asali shi kaɗai ka kunna, ka ba ta kamar minti ɗaya, don wasu na jinkiri bayan an taɓa RAM. Ta tashi? Kashe, cire shi, sa sabon a wannan gurbin dai. Ka maimaita a ɗaya gurbin. In matsalar na bin RAM ɗaya duk inda ka kai shi, shi ne mai laifi. In kuwa kowanne ka sa a wani gurbi sai ta ƙi, gurbin ne ya samu matsala, kuma kana iya ci gaba da aiki da ɗayan.

Ni sabon nan nake zargi. Karanta takardar da ke manne a jikinsa. RAM samfurin DDR3 ba ya shiga gurbin samfurin DDR4 saboda tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, to amma PC3 da PC3L, waɗanda duka DDR3 ne, suna shiga gurbi ɗaya, alhali na farko 1.5V yake buƙata, na biyu 1.35V. Laftof masu Intel ƙarni na 4 galibi PC3L suke so. Masu saye da yawa girman kawai suke tambaya, su manta da harafin L.

Ko ta tashi, ba a gama ba, don RAM mai rauni yana iya kai ka cikin Windows lafiya ya yi tuntuɓe sai aiki ya yi nauyi. Saƙonni irin su MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA a shuɗin skirin suna nuni gare shi, ko da yake direba (manhajar da ke sarrafa wani sashen kwamfutar) mara kyau ma na kawo su. Zafi kuwa yawanci ɗauke ta yake ɗif, ba shuɗin skirin. Danna madannin Windows da R, rubuta mdsched.exe, ka danna Enter, ka zaɓi sake tada ta, za ta tashi ta yi gwajin RAM. Wannan na sama-sama ne. Na fi yarda da MemTest86, manhajar gwada RAM: a ɗora shi a filasha, a tada laftof daga filashar, a bar shi ya kammala zagaye 4. Yana cin awanni, saboda haka nemi inda wuta ba za ta yanke maka ba. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja.

In duka biyun sun ƙi a kowane gurbi, ari RAM da aka tabbatar yana aiki ka gwada, ka kuma jona laftof ɗin da talabijin ta wayar HDMI don ka ga ko skirin ne ya mutu. Sai duk wannan ya faskara za a fara maganar bod. In kuma sayen wani RAM ya kama, tafi shagon da laftof ɗinka, a sa a gabanka, ku yi yarjejeniyar canji kafin ka miƙa kuɗi, sannan ka kwana kana gwada shi da MemTest86.