Wane Babur Ya Dace a Goya a Bayan Motar Doguwar Tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da mai ɗakina muna da wata babbar mota mai jan ƙafa huɗu, wadda aka gina mata ɗakin kwana a baya, kuma muna shirin doguwar tafiya da za ta ratsa ƙasashe da dama, galibi a kan hanyoyin da babu kwalta. Muna son babur da za mu goya a bayanta, domin idan mun yada zango mu riƙa shiga gari da shi ba tare da mun tayar da motar ba. Wani abokina ya ce in nemi mai injin cc 650 saboda mu biyu ne, wani kuma ya ce 125 ya wadatar. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokanka duka biyu sun yi maganar babur, amma babu wanda ya yi maganar motar da za ta goya shi, alhali kuwa ita ce za ta yanke hukunci. Kafin ka taka wurin masu sayar da babura, ka loda wa motar duk abin da za ku tafi da shi, ka cika tankin mai da na ruwa, ku shiga ku biyu, sannan ka kai ta sikelin manyan motoci a auna tayoyin gaba daban, na baya daban. A jikin motar akwai ɗan allon ƙarfe da kamfani ya rubuta iyakar nauyin da kowane ɓangare zai ɗauka. Abin da ya rage tsakanin wannan iyaka da abin da sikeli ya nuna shi ne rabon babur, kuma sau da yawa mutum yakan tarar bai kai yadda ya yi zato ba.

Akwai wani lissafi da masu irin wannan mota suke yawan tsallakewa. Kayan da aka rataya a can ƙarshen mota ba nauyinsu kaɗai suke ɗora wa tayoyin baya ba, kamar yadda bokitin ruwa yake fin nauyi idan aka riƙe shi da miƙaƙƙen hannu. A ɗauka cewa tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 3.6 ce, babur ɗin kuma yana zaune mita 1.8 a bayan tayoyin baya. Idan shi da kariyar ƙarfen da aka ɗora shi a kai sun kai kilo 160, to tayoyin baya za su ƙaru da kilo 240, na gaba kuma su ragu da kilo 80. Wannan ragi na gaba shi ne yake sa sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, birki kuma ya rage kamu. A tsaye ke nan. Idan motar ta hau gargada tana tsalle, ƙarfin da ke dukan kariyar da wuraren walda yakan ninka wannan, shi ya sa dole a ɗaure ta a jikin shasi, kada a jingina ta ga bodin ɗakin kwana. A kuma ɗaga ta sama sosai, domin duk abin da ya tsawaita bayan mota shi ne yake fara karce ƙasa idan an sauka kwazazzabo ko an hau jirgin fito.

Da wannan lissafi babban babur ya fita daga tsari. Suzuki DR650, wanda yake cikin marasa nauyi a ajinsa, yana kai kilo 166 da mai a tanki, Kawasaki KLR650 na yanzu kuwa ya haura kilo 200. Ko da motar za ta jure, ka tambayi kanka wa zai sauke shi. Kariyar babbar mota takan kai ƙugun mutum ko ta wuce, kuma tura babur a kan siririyar gadar ƙarfe zuwa wannan tsayi, a ƙasa mai yashi ko santsi, bayan an wuni ana tuƙi, aiki ne da yake karya ƙafa. Baburin da saukewarsa ta zama wahala yakan ƙare a ɗaure, ana yawo da shi daga ƙasa zuwa ƙasa ba a hawa. Idan kariyar ta yi tsayi ƙwarai, a haɗa mata ƙaramin injin ɗaga kaya, kuma a sa nauyinsa a lissafi.

A ganina, ka tsaya tsakanin cc 125 da 250, kada nauyin ya wuce kilo 135. Honda CT125, wanda ya fito a 2020 daga zuriyar Super Cub da ake ƙerawa tun 1958, yana da kusan kilo 120, ba a matsa masa kulochi da hannu, yana da faffaɗar kariya ta ɗaukar kaya, kuma shan mansa kaɗan ne ƙwarai. Aibinsa a wurinka shi ne da ƙyar yake haura kilomita 90 a awa da mutum ɗaya, sannan a wasu ƙasashe ana sayar da shi babu kujerar goyo. Tun da ku biyu ne, na fi karkata ga Yamaha XT250 mai kusan kilo 132, ko Yamaha TW200 mai kusan kilo 126, wanda ake yi tun 1987 ba tare da an sauya masa abu mai yawa ba. TW200 gajere ne, ƙafa tana taɓa ƙasa, kuma faɗin tayoyinsa yana sa ya yi tafiya a rairayi cikin natsuwa. Sai dai girman tayarsa ta baya ba kasafai ake samunsa a kan hanya ba, don haka sai an yi guzurin taya da tiyub. Honda CRF300L ya fi su duka ƙarfi da iya daji, amma yana da kilo 142, kujerarsa kuma ta kai santimita 88 daga ƙasa, wanda ba ƙaramin tsayi ba ne ga mai ɗauke da goyo. Ƙananan babura masu taya inci 12 irin su Honda Grom ba su da nauyi, amma rami da yashi suna wahalar da su.

Ba a kowace ƙasa ake sayar da waɗannan ba, kuma kada ka raina baburin aiki na yau da kullum mai cc 125 ko 150, irin wanda injinsa ya samo asali daga Honda CG125. Idan aka sa masa tayoyi masu ƙaya zai yi kusan duk abin da kake bukata, kuma a yawancin ƙasashen Afirka, Asiya da Kudancin Amurka za ka sami makanikin da ya san cikinsa da kayan gyaransa. Wannan yana da muhimmanci, domin ranar da babbar motar ta lalace ko ta kafe a taɓo nesa da gari, babur ɗin ne zai je neman taimako. Saboda wannan ranar nake son wanda yake da kik ban da maɓallin batir, tun da babur yakan yi makonni a ɗaure batir ya mutu.

Game da kafireta da injin mai fesa mai ta kwamfuta, kowanne da nasa. Kafireta tana gyaruwa a gefen hanya, amma tana shaƙewa a kan duwatsu masu tsayi inda iska ta yi ƙaranci, kuma idan ba a rufe famfon mai ba kafin a ɗaure babur, girgiza takan sa fetur ya malala. Mai kwamfuta ba ruwansa da tsayi, sai dai ba ya son gurɓataccen mai. Ka tuna kuma cewa motarka mai yiwuwa dizal take sha, babur kuwa fetur, wato akwai jarka ta daban da za ta nemi wuri a waje, nesa da wurin girki.

Wajen ɗauri, a kafe tayar gaba a cikin maƙalinta, a ja igiyoyi huɗu zuwa kusurwa huɗu, a danne shokazoba ta gaba daidai gwargwado ba har ƙasa ba, domin matsi mai yawa na tsawon kwanaki yana iya sa ta yoyon mai. Bayan mota nan ne matattarar ƙura, saboda haka a lulluɓe babur, a toshe bakin salansa, a kuma tabbata bai rufe fitilu da lambar motar ba. A sake duba igiyoyin bayan tafiyar farko ta kowace safiya.

Sai takardu. A idon kwastan babur mota ce mai zaman kanta: yana bukatar rajistarsa, lambarsa, inshorarsa da izinin shiga na wucin gadi, kuma a ƙasashen da ke neman takardar Carnet de Passages, wato takardar kwastan ta ƙasa da ƙasa ta shiga da abin hawa na ɗan lokaci, sai an yi masa tasa daban. Wasu iyakoki suna jan magana idan mutum ɗaya ya zo da abin hawa biyu, shi ya sa ma'aurata da yawa suke rubuta motar da sunan ɗaya, babur da sunan ɗayan. Lasisinka na ƙasa da ƙasa ma ya nuna ajin babur.

Tambaya daga wani mutum daban: Ni kaɗai nake tafiya a ƙaramar mota mai faifan sola a rufi. Baburin lantarki zai yi mini?

Amsa: Zai yi, matuƙar zirga-zirgarka ba ta da nisa. Irin su Sur-Ron Light Bee ba su kai kilo 60 ba, ana cire batirinsu a ɗauka daban, kuma babu zancen jarkar fetur. Amma batirin yana cin wajen kilowat-awa 2 kafin ya cika, wanda zai iya lashe abin da solar ƙaramar mota take tarawa a wuni guda, sai dai ka riƙa cajinsa lokacin da injin motar yake aiki. Ka kuma nemi samfurin da aka yi wa rajistar hawa titi, domin akwai wanda aka ƙera don daji kawai, babu lamba, kuma da shi ba za ka iya shiga gari bisa doka ba.